Sha'aibu Mai Ordinatar, Daga XP Zuwa Sha Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi Malam Sha'aibu Dauda ke buɗe shagonsa a Madawa. Ya kakkaɓe tebur, ya duba ko akwai kuran, wato wutar lantarki, sannan ya kunna ordinatocin, wato kwamfutocin, da aka kawo masa gyara, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba ba a samunsa: yana bisa moto kan hanyar Buza da Allakaye, wani lokaci har Tamaske. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai daina tafiye-tafiyen, don idanunsa sun soma gajiya da ƙananan rubutu.

Windows XP ya tarar a ofisoshinmu, kuma da shi mutane suka koyi aiki. Vista ya zo da kyan gani, amma tsofaffin ordinatoci ba su iya ɗaukarsa. Yawancin waɗanda ya saka wa sun dawo a mayar musu da na da. Windows 7 ya shiga ba gardama. Da 8 ya fito, wani mushen lakwal a Keita, wato malamin makaranta, ya kira shi ta salula, ya ce ya kunna lafiya, amma ya rasa ta inda ake kashewa. Mutane sun ja ƙafa ga 10, saboda sabuntawarsa na cinye musu intanet, daga baya suka saba. Shi kuwa 11 sabuwar ordinatar yake nema, wadda ba kowa ke da ita ba. Sha'aibu bai taɓa cewa wannan ya fi wancan ba sai ya ji aikin da mutum ke yi.

Malama Fiddausiya Tasi'u, mai rubuta takardun haihuwa a merin wata ƙaramar hukuma, wato ofis ɗin magajin gari, ta ba ni labarin abin da ta gani a 2021. An ba su sabuwar ordinatar mai Windows 10, amma shirin da ke riƙe da sunayen haihuwa na shekara goma sha ɗaya ya ƙi buɗewa a cikinta. Ga ƴan lakwal arba'in da uku na jiran takardunsu, kuma ranar Juma'a za a rufe rajistar jarrabawa. Magajin gari ya ce a goge tsohuwar mai XP a ba wani ofis, a fara aiki da sabuwa, tsofaffin sunayen a nemo su daga baya.

Da aka kira Sha'aibu, ya saurare shi har ya gama.

"Alhaji, sabuwar ga ba ta san yaran ba tukuna," in ji shi. "Tsohuwar ce ta san su. A ba ni kwana ukku."

Aka ba shi. Ya kwashe sunayen daga tsohuwar zuwa sabuwar, ya zauna da Fiddausiya suna gwada su da manyan littattafan rajista, shafi bayan shafi. Sunaye goma sha tara sun ɓace a hanya, ya sake rubuta su. Ranar Alhamis da la'asar takardun suka fita. Ta ce abin da ta fi tunawa shi ne sau shida ta tambaye shi abu guda, sau shida ya nuna mata, fuskarsa ba ta sauya ba.

Kai ne, Malam Sha'aibu, mai sanyin hannu, wanda ba ya sa babba ya ji kunya gaban na'ura. Kai ne ka gaya wa masu Windows 10 gaskiya da aka daina tallafa masa: wanda ya kamata ya sauya ka ce ya sauya, wanda tasa za ta ƙara kai shi shekara biyu ka nuna masa yadda zai kiyaye. Ba ka tsorata kowa don ya sayi abin da ba ya bukata ba.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa cikin wannan sana'a, shagonsa na nan buɗe. Ku je ku zauna wuni guda ku ga yadda yake yi wa mutane magana.