Bangon Banɗakinmu na Rigasa

Da aka sayar da gidajen gwamnati na Unguwar Rimi ina ƙaramin ma'aikaci, don haka ko taga ban samu ba. Wani babba ya saye gidan da nake ciki, ya rushe shi, ya zagaye filin da katanga. Na kwashi iyalina muka koma Rigasa, gidan haya mai ɗaki-ɗaki, ƙofa na kallon ƙofa.

Mai gidan wani Alhaji ne mai sayar da tayil a kasuwa. Gaban gidan ya sha tayil, har da ginshiƙai biyu da ba su ɗauke da komai. Ciki kuwa ginin ƙasa ne aka shafa wa siminti. Da damina ta sauka sai matata ta jera bokiti da tukwane a tsakar ɗaki.

Maƙwabcina wani tsohon malamin makaranta ne, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda ya yi karatu a ƙasar 'yan gurguzu yana saurayi. Kullum da yamma yana kan benci yana ba mu labarin dogayen benaye iri ɗaya sak, likita da lebura kowa da nasa ɗakin.

Na taɓa tambayarsa, "To Baba, me ya dawo da kai?"

Ya ce, "Sanyi." Can ya ƙara da cewa, "Kuma sau da yawa sai na hau har sama nake gane ba benenmu ba ne."

Wata damina bangon banɗakinmu ya faɗi da rana tsaka, Allah ya sa ba kowa a ciki. Muka sami Alhaji a shagonsa. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Malamai, ruwa ai na Allah ne. Ni na saukar da shi?"

Baba ya tara mu a tsakar gida, ya ce lokaci ya yi da talaka zai tsaya da ƙafarsa, mu tayar da bangon da hannunmu. Muka yi tafi, har da kafa kwamiti. Ranar aiki telan gidan ya ce ɗinkin biki ya sha kansa, mai Keke Napep ya fice tun da sassafe. Baba ya fito da sandarsa yana nuna inda za a ɗora bulo. Ni da matan gidan muka yi kwaɓi da ɗauko ruwa. Bangon ya tashi a karkace, amma ya tsaya.

Sai ga Alhaji ya zo. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce, "Masha Allah, gida ya gyaru." Tunda kuma ya gyaru, in ji shi, haya ta tashi.

Baba ya miƙe ya nuna shi da sandarsa. "Kai cikakken ɗan jari-hujja ne!"

Alhaji dai jari kawai ya ji. Ya shafa fuska ya ce, "Amin, Baba, Allah ya ƙara mana."

Daga baya haƙƙin Baba na barin aiki ya fito. Ya sayi fili a Katabu, ya yi ɗakuna, ya shiga ɗaya ya zuba 'yan haya a sauran. Na ji daɗi ƙwarai, na hau mota takanas na je neman ɗaki. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya gyara zama.

"Ɗana, ba na ba ma'aikacin gwamnati. Albashinku ba ya zuwa a kan lokaci."

Ya rako ni har bakin titi, shi da kansa ya tsayar mini da motar Kawo.