Ranar da Aka Je Bincikena a Zuba

Ina shekara ta huɗu da fara buga takardu a ma'aikatarmu darakta ya kira ni ofishinsa, ya ce an zaɓe ni zan koma ɗakin ajiyar takardun sirri. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kuɗin mai na shigowa, duk inda ka waiga a Abuja gini ne ke tashi, kowa na neman inda zai matsa gaba. Ina fitowa daga ofishin na wuce banɗaki, na kulle ƙofa, na taka rawa ni kaɗai.

Sai dai ya ce sai an tantance ni tukuna. Takardun gwamnati hawa-hawa ne. Akwai waɗanda kowane ma'aikaci zai iya gani, akwai na sirri, sannan na babban sirri, waɗanda shi kansa darakta ba duka ake nuna masa ba. Ni na tsakiya za a ba ni izinin taɓawa, in na tsallake. Aka miƙo mini fom mai kauri: duk gidan da na taɓa zama, duk makarantar da na yi, duk ƙungiyar da na taɓa shiga. Har ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sakandare sai da na rubuta. Aka dangwala yatsuna goma a tawada, aka ce kada in gaya wa kowa. Na kuwa kama bakina, ko a gida ban ce uffan ba.

Mahaifina lemo da abarba yake sayarwa a kasuwar Zuba. Wata Laraba sai ga mutum biyu a rumfarsa, dattijo mai tabarau da wani matashi cikin kaftani da ya sha guga. Bayan an gaisa suka ce daga wajen aikin 'yarsa suke, sun zo jin halinta. Tana da riƙon amana? Tana da surutu? Su wa take hulɗa da su? Shi kuwa Baba dalili ɗaya ya sani da ke sa baƙi su zo tambayar halin budurwa. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya fere abarba mafi girma, ya kira maƙwabtan rumfa su ma su ba da shaida. Da za su tafi ya cika musu buhu da lemo. Suka ƙi karɓa, ya ce wannan kunya ce irin ta 'yan gidan mutunci.

Daga can suka nufi Karu, gidan gwaggona inda nake zaune. Kafin su iso Baba ya riga ya ari wayar wani direba ya sanar da ita.

Da yamma na dawo na tarar an share tsakar gida, turare na tashi. Gwaggo ta dube ni tana murmushi.

"Ashe haka kike da zurfin ciki?"

"Me ya faru, Gwaggo?"

"Sun zo. Yaron ba laifi, sai dai ba ya son magana. Na tambaye shi, kai ne da kanka ko ɗan aike ne, sai ya sunkuyar da kai yana rubutu."

Na gane nan take. Dariya ta kama ni har na zauna a kan turmi, ga shi ba damar bayani. Na ce mata ba abin da take zato ba ne. Ta ce haka kowace yarinya ke cewa.

Bayan mako biyu aka kira ni ganawa a wani ofishi da ba a rubuta komai a ƙofarsa ba. Dattijon nan mai tabarau na tarar, fayil ɗina a gabansa. Ya tambaye ni ko na taɓa fita ƙasar waje, ko ina da abokai a ofisoshin jakadanci, ko an taɓa kama ni. Na amsa ina murza bakin mayafina. Sai ya juya shafi, fuskarsa ba alamar wasa.

"An kuma shaida mana kin iya miyar taushe."

Na rufe fuska da hannu biyu.

"Na daɗe a aikin nan," in ji shi, "ba a taɓa tambayata ranar da zan kawo lefe ba sai a gidanku. Amma abin da na je gani na gani. Ba wanda ya san komai a gidan game da wannan tantancewa. Je ki, kin tsallake. Ki kuma yi wa mahaifinki bayani, kada ya fara gayyatar mutane."

Ranar Asabar na hau mota zuwa Zuba. Baba ya saurare ni har na gama, yana jera lemo a faranti. Can ya ce, "To Allah ya sa albarka a aikin. Shi yaron fa, yana da mata?"

Ranar Litinin na yi rantsuwa, na sa hannu, aka kai ni ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba taga ko ɗaya. Shugabar ɗakin, wata Bayarabiya mai Hausar Zariya, ta ɗora mini fayil na farko mai jan hatimi, ta nuna mini inda zan rubuta lokacin da na buɗe da lokacin da na rufe. Na kwance zaren da aka ɗaure shi da shi. Har yau ba zan faɗi abin da ke ciki ba, tunda na rantse. Abin da zan iya cewa shi ne sau uku na karanta shi ina neman inda sirrin yake, har shugabar ta ɗago kai ta ce in yi sauri, akwai wasu goma na jirana.