Igiyar Jimrau

Jimrau mai yasar rijiya ne, tun zamanin da Dakoro ba ta wuce rijiya ɗaya da 'yan bukkokin makiyaya ba. Shekara ashirin yana shiga rami mai zurfin gaba talatin kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Ranar da itacen bakin rijiya ya karye ya sauka masa a tsakar ka, ya suma, ya farfaɗo, har da dariyarsa.

Rauni ya warke, kai bai warke ba. Hasken rana ya hana shi sakat, kunne na ƙara, in ya sunkuya ƙasa ta juya da shi. Amma mantuwa ta fi komai ba shi tsoro. Ya ja bakinsa ya yi gum, don ya san halin mutanensa: da sun ji, cewa za su yi aljanin rijiya ya taɓa shi, ba mai ƙara shayar da dabba inda ya sa hannu. Ko matarsa Dela bai gaya wa ba.

Da bazara yashi ya cike rijiyar, shanun Abarci, mai babban garke, suka kwana biyu ba ruwa. Jimrau ya ɗaura igiya a ƙugu, aka zura shi.

Can ƙasa, duhu da sanyi suka lafar masa da ciwon kan. Ya yi ta cika guga da yashi har ruwa ya tsattsafo, ya kawo masa cinya, yashin gefe ya fara zubowa. A wannan zurfi murya ba ta kai sama, da igiya ake magana. Girgiza ɗaya daban, biyu daban: wata ta ce a ja shi, wata ta ce a zuro gungumen tokare bango. Ya kama igiyar, kansa wayam. Wacce ce wacce? In ya kuskure, itace ne zai sake nufo kansa. Ya tsaya riƙe da igiyar, bai girgiza ta ba.

Sai ya ji igiya ta miƙe, ƙafafunsa sun bar ruwa.

A sama Abarci na faɗa. "Wa ya ce a ja? Bai girgiza ba!"

"Ni na ce," in ji Dela. Ta durƙusa, ta rufe wa mijinta ido da mayafinta saboda rana, ta yi ƙasa da murya. "Maigida, wata huɗu ina bin bayanka ina ɗaure awakin da ka ce ka riga ka ɗaure. Mi kake ɓoye mani?"

Jimrau ya yi kuka a ƙarƙashin mayafin. Bai ƙara shiga rijiya ba.