Gwaggo Mai Tocila da Ɗakin Fatalwa

Duk wanda ya zauna a Guangzhou a wancan lokacin ya san Hajiya Talatu ba ta fita sai da tocila. Da rana tsaka fa! Tana iya mance fasfo a gida, amma tocila tana cikin jaka. Ƙanwar mahaifina ce, a wurinta na sauka da na zo karatu can ƙarshen shekarun casa'in, lokacin Hausawan garin ba mu wuce a ƙirga mu da yatsu ba. Sunan mahaifiyarta gare ni, shi ya sa ba ta taɓa kirana da suna ba, sai dai "Uwata".

Na sha ce mata, "Gwaggo, nan fa ba Fagge ba ce, ba a ɗauke wuta."

Sai ta ce, "Ba su ɗauke ba tukuna dai. Na fi ki sanin halin wuta."

Kun dai san ba ta jin Sinanci, kuma ba ta da niyyar ji. Rannan mun shiga wani kanti neman wata irin tocila mai kai ja, mai kantin ya girgiza hannu ya ce "meiyo", wato babu. Ai sai Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ni ce mai yawo? Da aurena da jikokina? Uwata, faɗa masa fatauci ya kawo ni!"

Na yi bayani har na gaji. Ta ce ta ji, amma kantin nan ba ta sake taka shi ba.

Ga tsimi kuma. Matar da ke loda batir kwantena guda a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ana kai mata Kano, ita ce ke jera matattun batura a bakin taga wai rana ta farfaɗo da su. In ya ƙi, ta gartsa masa haƙori ta mayar. Na ce, "Haba Gwaggo, ga sababbi can kwali-kwali a sito!" Ta ce, "Waɗancan na mutane ne. Waɗannan sun saba da ni."

To, abin da ya sa na tashi magana shi ne ɗakin fatalwa.

Yaran benen da muke haya, in suka hango mu a matakala sai su watse suna ihun wata kalma. Gwaggo tana ɗauka gaisuwa ce, har tana ɗaga musu hannu. Ni kuwa na san ma'anarta. Kullum sai na ji ta, safe da yamma, har abin ya cika mini ciki. Wata rana na shigo ina kuka, na ce ni karatun ya ishe ni, gida zan koma.

Ta ce, "Yaran nan me suke cewa ne?"

"Baƙar fatalwa, Gwaggo."

Sai ta ce, "Fatalwa. Ba ke kika ce Turawan makarantarku na shirin wani biki da ake yin ɗakin fatalwa ba?"

"Halowin. Amma ai ba namu ba ne."

"Na ce miki biki zan yi? Tashe zan yi musu. Je ki gaya wa mai gidan nan, duk yaron benen ya zo ranar da yamma. Tunda fatalwa suke so, za su ga ta Kano."

Mai gidan wata tsohuwa ce, jikokinta sun ga bikin a talabijin ɗin Hong Kong suna ta damun ta. Nan take ta yarda.

Siton namu ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Muka jera kwalaye suka zama lungu mai kwana, muka toshe taga da bargo. Na kawo shawarar kyandir, ta harare ni. "A cikin kwali? Da 'ya'yan mutane? So kike a nuno ni a talabijin?" Na ce to a kashe komai a bar duhu. Nan ma ta ƙi, ta ce a baƙin duhu yaro ba ya ganin abin tsoro, karo kawai zai yi ya fasa baki.

Sai ga ranar matattun batura ta zo. Haskensu rawaya ne, yana lumshewa yana dawowa kamar mai gyangyaɗi. Ta sa a ajiye kowace tocila a ƙasa tana kallon sama, inuwar kwalaye ta hau bango ta yi tsawo. Wasu ta ɗaure musu baki da jar leda, wasu da koriya. Ɗaya ta kife mata kwandon tsame shinkafa, rufin ɗakin ya cika da idanu. Ta rataye farin mayafi a gaban fanka yana kaɗawa. Da na ce Turawa kabewa suke sassaƙawa su sa mata wuta, ta yi salati.

"Kabewar miyar taushe za a yanka wa hanci? Allah ya kiyaye!"

Wata fasasshiyar ƙwaryar fura ta ɗauko, ta huda mata ido biyu da haƙora. Kabewar da na riga na sayo kuwa, ita muka ci da tuwo.

Ranar, bayan la'asar, yara suka yi layi a ƙofa, iyayensu na leƙe daga matakala. Gwaggo ta zauna a ƙarshen lungu cikin farin hijabi, tocila a ƙarƙashin haɓa. Wallahi ni da na shirya ɗakin sai da gabana ya faɗi. Yaro ya sha kwana, ta buɗe ido ta ce da babbar murya, "Ina wuniii!" Ya kwasa da gudu yana ihu, ya zagayo ya sake shiga layi. Kowa ya fito sai na ba shi alewa da ƙaramar tocila, wai in ji ta kada a ce an zo gidanta an tafi hannu rabbana.

Sai ƙaramar jikar mai gidan ta shiga, 'yar mitsitsiya. Ta kai kwana ta ƙame, ta fashe da kuka na gaske, irin mai shiɗewa. Kafin in motsa, fatalwa ta miƙe ta ture kwali, ta kunna ƙwan ɗaki, ta sunkuce ta. "Yi shiru, yi shiru, ni ce, ba kowa." Ta ja zani ta goya ta tana jijjigawa. Yarinyar ba ta taɓa hawa bayan mutum baƙi ba, amma ta yi lamo.

Na ce, "A tashi haka ke nan?"

"A tashi? Ga yara a layi? Kashe wutar."

Haka ta ƙarasa wasan, tana firgita na gaba tana lallashin ta baya. Kakar yarinyar ta leƙo ta gani, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ban ce kowa ya shiryu ba, a titi an ci gaba da faɗa mana abin da aka saba. Amma a benenmu, daga ranar yaran "Popo" suke ce mata, wato kaka. Ta ce in dai ba zagi ba ne ta karɓa. Ni kuma ban koma gida ba sai da takardar digirina.

Na taɓa yi mata godiya a kan haka, bayan ta bar fatauci ta koma Kano. Ta ce in daina surutu in miƙo mata goro.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta. Yadda ta ɗauki 'yar wasu a bayanta don kada ta ji tsoro, ya Allah kada ka bar ta ta ji tsoro a inda take. Amin.