Makewayin da Ya Kalli Majalisar Maza

Da yaƙi ya koro mu daga ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad, a filin wata makaranta aka zube mu a Mai Wurno, ni da Inna mahaifiyata da maigidana da yara. Ruwa kam ba mu rasa ba, kullum mota tana cika tanki.

Sai wata ƙungiyar agaji ta zo gina makewayi. Sun auna, sun haƙa, sun kafa kwano fes, amma ko mace ɗaya ba su tambaya ba. Suka juya ƙofar na mata tana kallon darbejiya, inuwa ɗaya tak a filin, inda maza ke yini. Haba jama'a!

A cikin mazan nan akwai maigidana. Inna kuwa ko ruwa ba ta taɓa kurɓa a gaban surukinta ba, balle ta ratsa ta gabansa da buta a hannu. Sai ta daina shan ruwa da rana, don kada fitsari ya matsa mata. In na miƙa mata kofi ta ce, "Ajiye, sai an jima."

Na je wurin ma'aikacin ƙungiyar na ce su juya ƙofa. Ya ce an gama aiki, an ma ɗauki hoto. Hoto! Na roƙi maigidana su canja wurin zama. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In na tashi, ai Inna ta san na gane. Kuma sauran fa, rana za su shiga?" Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Zafin yankinmu na Gezira da na Mai Wurno duk ɗaya ne, ba ya raga wa tsohuwa. Inna ta rame, leɓunanta suka tsattsage, fitsari ya ɗauke. Da ta faɗi muka sa ta a mota zuwa asibitin garin Sinnar. Likita ya ce ƙoda ta lalace, ya harare ni ya ce, "Ba ku da ruwa ne a can?"

Ranar da aka yi mata sutura, mazan nan kaf suka tashi suka bi gawa maƙabarta. Ina zaune ana yi mini gaisuwa, sai na ga tsofaffin mata suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace da butarta. Da rana tsaka suka yi layi, suna sauri kafin a dawo daga binne uwata.