Gwajin da Aka Yi da Taibatu

Yayata Taibatu ta shekara shida tana sayar wa leburorin Bakolori tuwon dawa, tun da ruwan dam ya cinye gonarmu a Maradun muka dawo Talata Mafara. Mace ce mai faɗa kamar ta ari baki. Lebura ya ce miya ba gishiri, sai ta ƙwace kwanon ta ce ya je uwarsa ta dafa masa. Gobe kuma shi ne farkon layi.

Hawan jini ya kama ta a shekarun nan. Wani malamin asibiti ya ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya, kanta ya daina sarawa, tana sauke tukunya uku kafin azahar.

Sai wasu baƙi suka zo da farar mota da tafinta, wai sabon maganin hawan jini suka kawo, kyauta. Tafintan ya ce mata, "Inna, gwaji za a yi." A wurin Taibatu gwaji shi ne a ɗaura maka abin awo a damtse a hura. Ta dangwala yatsa a takarda. Suka ce ta ajiye tsohuwar ƙwayarta, ta ajiye.

Ba wanda ya gaya mata cewa rabin mutanen ne kawai ke samun magani. Sauran kuwa zallar gari aka dunƙula musu kamar ƙwaya, don a kwatanta. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Duk mako suna auna ta, suna ganin jinin yana hawa, suna rubutawa. Tana da maganin da ya karɓe ta, su suka raba ta da shi.

A wata na huɗu ta faɗi a gaban murhu da muciya a hannu. Ɓarin damanta ya shanye.

Tafintan ne ya fasa mana ƙwan, ran da ya zo duba ta, cewa garin nan ta yi ta sha. Har da ƙarawa, wai don ya sanyaya mana rai, cewa an tabbatar sabon maganin yana aiki.

Na miƙe zan shaƙe shi. Taibatu ta riƙe mini riga da hannun hagu, ta ce da karkataccen baki, "Bar shi, Hayatu. Kai ɗana, tunda kun gane shina aiki, to a ba ni na gaskiyar mana."

Tafintan ya sunkuyar da kai. "Inna, sun tahi da shi tun shekaranjiya. Ba nan za a sai da shi ba."