Ƙashin Jikar Maɗori

Mainassara maɗori ne a Dakoro, wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Ranar kasuwa makiyayan Tagriss kan kawo mishi wanda ya karye, mutum ko akuya, ya lalluba, ya ja, ya ɗaure da kara. Gajere ne, kunnensa ya yi nauyi tun bai tsufa ba.

Jikarsa Munira, ɗiyar ɗiyarsa Naja'atu, ita ta gagare shi. Kafin ta cika shekara huɗu ta karye sau uku, na ƙarshen wurin saukowa daga gado. Yana ɗora nan, can ya karye. Har ya fara zargin hannunsa.

"Baba, mu kai ta Maradi a yi mata hoton ƙashi," in ji Naja'atu.

Bai so ba, amma ya bi su.

A asibiti, lokotoron da ta duba ta mace ce. Ta ɗaga hoton ga haske, ta nuna mishi tsofaffin karaya, har da biyu a haƙarƙari waɗanda bai san da su ba. Ta ce ɗorinsa ya yi kyau. Sai ta bar yarinyar, ta zo tana leƙa idonsa.

"Ba ni ne marar lafiyar ba," ya ce.

"Baba, farin idonka ya yi shuɗi-shuɗi irin nata. Ka taɓa karyewa?" in ji lokotoron.

"Sau shidda. Tsautsayi ne."

Ta ce tana zaton ciwon gado ne mai sa ƙashi rauni, za ta ɗebi jininsu su ukun a aika ƙasar waje a duba.

"Ƙashi ke karyewa, jini za a tambaya?" ya ce. "Kuma uwar ba ta taɓa karyewa ba."

"Tana iya ɗauke da shi bai nuna sosai ba."

Ya dubi Naja'atu. Lafiya lau ya gan ta.

Bayan wata huɗu takarda ta zo da Faransanci. Wani mushen lakwal, malamin makaranta, ya karanta mishi sau biyu, yana ɗaga murya: abin na jikinsu su ukun, daga wajensa ya sauko. Mainassara ya tambaya ko ciwon kunnen ma shi ne. Mushe ya juya takardar, ya ce bai ga wurin ba.

Ya sa aka fitar da gadon, Munira ta koma kwana kan katifa a ƙasa, ana kai ta Maradi ƙarin ruwa na ƙarfafa ƙashi. Ya aika wa ƙanensa Sa'adu a Bader Goula ya kawo yaransa a duba. Sa'adu ya tambayi me za a duba. Mainassara ya rasa yadda zai faɗa, ya ce ya dai zo. Sa'adu ya ce sai bayan girbin hatsi.